Ihun Kuluwa a Lungun Majema

A zamanin da, a wani birni mai ƙofa bakwai, ranar wata Talata bayan an idar da sallar isha'i mutane sun ja ƙyaurensu, aka aiko wa Kuluwa ungozoma cewa matar wani masaƙi tana kan gwiwa. Ta ɗauki fitila da aska, ta ƙulle garin barkono a bakin zane kamar yadda ta saba, ta kama hanya.

Tana shiga Lungun Majema, inda warin fata ke tare numfashi, sai wani ƙato ya damƙe ta ta baya, ya murɗe mata hannu yana laluben awarwaronta. Sau uku ta kurma ihu tana neman agaji. Ta ji wani ya yi tari a bayan katanga. Ta ji wata uwa tana ce wa ɗanta ya yi shiru. Ta ji an ƙara tokare ƙofa da taɓarya. Ba wanda ya leƙo. Da hannun da ya rage ta kwance barkonon ta watsa masa a ido, ya sake ta ya gudu yana tuntuɓe. Kafin ta ja jiki ta isa gidan masaƙin, jariri ya zo babu rai.

Abin da ya fi tsaya mata a wuya shi ne, rabin mutanen lungun nan ita ta yanke musu cibiya.

Ta kuwa san dalili. Shekara uku ke nan da Waziri Tanimu ya kafa doka cewa duk wanda ya fara isa inda aka yi ta'asa, a tsare shi a zauren alƙali a matsayin shaida har a kama mai laifi. Wani manomi ya taɓa kai wa maƙwabcinsa gudunmawa ranar shuka, bai ga gida ba sai bayan girbi. Tun daga nan kowa ya zama kurma.

Da safe ta je fada da hannu a ɗore, ta faɗi ta yi gaisuwa, ta zayyana abin da ya same ta.

Waziri ya gyara alkyabba ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, tsufa ne ke damun matar nan. Wata goma sha ɗaya ke nan ba a kawo mana ƙarar fashi ko ɗaya ba."

Kuluwa ta ce, "Ranka ya daɗe, makabarta ma ba ta kawo ƙara. Zaki, a ba ni aron Waziri dare ɗaya, ya je lungun ya yi ihun da na yi."

Sarki ya ce, "Na ba ki. Amma ko mutum ɗaya ya fito, kin yi wa talakawana ƙazafi, za ki bar garin nan gobe kafin rana ta faɗi."

Da dare ya yi, Sarki da dogarai biyu suka laɓe a wani kango. Waziri ya tsaya tsakiyar lungu cikin tsummar riga, ya toshe hanci, ya ce a hankali, "Jama'a, a taimaka."

Kuluwa ta ce, "Wannan ne ihu? Ranar da aka haife ka ka fi haka murya, da kunnena na ji. Buɗe baki, Waziri!"

Ya buɗe. Ya kira Musulmi, ya kira maƙwabta, ya ce ana yanka shi, har muryarsa ta dusashe. Amsa ɗaya ya samu: wani ya sheƙo masa ruwan jimar fata ta kan katanga, ya ce, "Kai, matsa gaba ka mutu a ƙofar wani!"

Sai Kuluwa ta cika ƙirji ta ce, "Gobara!" Sau ɗaya tak.

Kafin ka ce kwabo lungu ya cika, wannan da tulu, wannan da ƙwarya, wani ko riga babu, kowa idonsa na kan rufin ɗakinsa. Sarki ya fito daga kangon, jama'a suka zube.

Ya dubi wani dattijo mai suna Ɗanjuma ya ce, "Kun ji ana kashe mutum kun ƙi fitowa, kun ji wuta kun fito. Me ya sa?"

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. "Allah ya ba ka nasara, wuta ba ta kai mutum zauren alƙali."

Kuluwa ta ɗaga fitila ta haska fuskarsa. "Ɗanjuma, 'yarka da ƙafa ta taho duniya, ni na juya ta. Tarinka na ji ranar Talata." Ta tofar da yawu a gefe, ta bi ta tsakiyarsu ta wuce, ba ta ƙara kallon kowa ba.

Washegari Sarki ya soke dokar, ya sa aka yi shela cewa duk gidan da ya ji ihu bai buɗe ƙofa ba, maigidan ne zai amsa a gaban alƙali. Aka tuɓe rawanin Tanimu, aka ɗora masa riƙe wa ungozomomi fitila shekara guda. Hannun Kuluwa ya warke a karkace. Ta ci gaba da fita karɓar haihuwa, da barkononta a bakin zane.