Jirgin da Yashi Ya Binne

An yi wani bakin teku mai nisa inda hamada ke gangarowa har cikin ruwa. Ba a ruwan sama a can, sai hazo mai kauri da ke ɓatar da matuƙa, jiragensu su tarwatse a gaɓa. Wani mataccen jirgi a cikinsu shi ne rijiyar dabbobin wurin. Kullum da asuba hazo kan kwanta a jikin ƙarfensa, raɓa ta tsiyaye ta cika wata tsohuwar tukunya da matuƙan suka bari.

Zamani ne mai daɗi, ana sha ana hira har rana ta ɗago. Dila mai haƙuri, Ƙaguwa mai tsiwa da Kura mai haɗama duk nan suke haɗuwa. Dokarsu ɗaya ce: kowa ya sha, sai ya tone yashin da iska ta tara a gindin jirgin kafin ya tafi.

Wata safiya Kura ta rungume tukunyar, ta ce, "Daga yau jirgin nan nawa ne. Cikina ya fi na kowa."

Ƙaguwa ta ce, "Ke kika ƙera shi, ko gadon kakanki ne?"

"Ƙara magana in tauna ki har ɓawo."

Dila ya ce, "Yaya Kura, shanye rabonmu in kin so, amma ki bar mu mu riƙa tono."

"Na san wayonka. Ka zo tono, ka lashe mini raɓa. Ku ɓace mini da gani."

Suka tafi. Kura ta sha ta yi rigingine. Tono kuwa, ai mai jirgi ba ta aikin lebura.

Yashi ya yi ta hawa a hankali, har wata asuba Kura ta farka ba jirgi, ba tukunya, sai tudu. Ta nemo su Dila da gudu, harshe a waje, tana roƙo su zo a tona.

Suka zo, suka yi kwana uku suna tono, ko ƙarfe ba su taɓa ba. Dila ya karkaɗe ƙafafunsa ya ce, "Yashin kwana ɗaya muke iya kwashewa, Yaya, ba na shekara ba."

Daga nan kowa ya kama gabansa, ana lasar raɓa a kan duwatsu. Dila ya tsufa yana kewar hirar nan ta asuba, bai kuma sake samun irinta ba.

Darasin wannan labari shi ne, abin da jama'a ke raya shi da hannuwansu, wanda ya ƙwace shi don kansa shi zai fara rasa shi, ya kuma jawo wa kowa asara.