Wanda Ya Kwance Tayoyin Motar Haihuwa

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An yi wani mutum, direba, a wani ƙauye cikin fadamar Goronyo. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da ɗiya, su kuwa ba su yi wa kowa komi ba.

Hanyar ƙauyen nan iri biyu ce. In ka fito gari sai ka ratsa fadama, rairayi da rani, taɓo da damina, kana ka hau kwalta ka miƙe asibiti. Shekara da shekaru, in naƙuda ta yi wa mace gardama, a amalanken shanu ake ɗora ta. Wata ta kai, wata a juyo da ita a lulluɓe. Da abin ya ishi mutane, 'yan garin da ke neman abinci Sakkwato da kudu sunka haɗa hannu da manoman gida, anka sayi mota don marasa lafiya, musamman masu haihuwa.

Da anka zo kan taya, sai da anka zauna shawara. Tayar birni mai ƙananan zane tana tafiya sumul bisa kwalta, amma da ta taka laka sai ta yi ta juyi wuri guda. Mai manyan haƙora irin ta tarakta tana cin taɓo, amma a kwalta sai kuka da jijjiga, mai ciki ba ta jure mata. Sai anka zaɓi ta tsakiya, mai zurfin zane da kaurin gefe, wadda ke riƙe kwalta ta kuma ciji laka. Tsada gare ta ƙwarai. Har tsofaffin mata sai da sunka kawo kajinsu kafin ta sayu.

Dattijon da ya tsaya kan aikin, Alhaji Ɗahiru, shi ya miƙa wa mutumin nan makulli a ƙofar masallaci, gaban kowa. Ya ce, "Ga amanar matanmu." Ya karɓa da hannu biyu, har da ƙwalla.

To, mutumin yana da tasa motar, tsohuwar a-kori-kura da yake jigilar albasa da ita daga gonaki zuwa kasuwa. Tayoyinta sun suɗe kamar tafin hannu. In ya yi lodi ya shiga rairayi, sai ta kafe, masu kaya su yi ta tsaki. Kullum ya dawo gida sai ya ga motar gari a inuwa, tayoyinta sababbi ful, ga shi girmansu ɗaya da nasa.

Kun san yadda Shaiɗan yake magana. Ba ya ce maka ka yi sata. Cewa yake, ai aro ne. Ai rani ne, ƙasa busasshiya, ko suɗaɗɗiyar taya ta kai mara lafiya in an bi a hankali. Ai kafin ruwa ya sauka ka maida.

Direban ya kai motocin biyu bayan gidansa, ya ɗaga su da jak, ya musanya.

Ina tambayarku, babu wanda ya gani? Wallahi an gani! Manoman da yake ɗaukar wa albasa sun ga tayoyin da kajin iyayensu sunka saya suna murzawa ƙarƙashin buhunansu. Sun gane su sarai. Amma albasa na isa kasuwa da wuri, mota ta bar kafewa, sai kowa ya kau da kai ya ce ba ruwansa. Haba jama'a! Mutum na kwance rayuwar matanku da sifana, kuna yi masa sannu da aiki?

Zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa gabas. Shamuwa ta dawo bisa itatuwan gari. Matarsa ta ce masa, "Malam, shamuwa ta iso hwa. Ka maida ma mutane tayoyinsu."

Ya ce, "Lodi guda yar rage."

Anka yi yayyafin fari, ta sake magana. Ya daka mata tsawa, ya ce mi ta sani a sha'anin mota. A lokacin nan albasar ajiya ta yi daraja, kowa na fitar da tasa, lodi na bin lodi. Aikin da bai fi ya gama shi tsakanin hantsi da azahar ba, ya yi ta ɗaga shi gobe, gobe.

Ran nan ruwa ya kwance tun safe, bai ɗauke ba sai azahar. Ran nan kuma naƙuda ta kama Hauwa'u, ɗiyar Alhaji Ɗahiru, matar wani manomi mai suna Sa'adu. Jini ya ɓalle mata. Ungozoma ta fito ta ce wanga ya fi ƙarfinta, a yi asibiti yanzu yanzu.

Anka ruga wurin direba. A-kori-kurar da ke ɗauke da tayoyin kirki ba ta ma gari, ƙanensa ya tafi da ita Dinawa ɗaukar kaya. Ya dubi motar gari, ya dubi sama. Ko a nan da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, da an ɗaura shanu tun daga ƙofar gida. Bai faɗa ba. Kunyar mutane ta fi masa ran Hauwa'u. Ya ce a sa ta ciki.

Tsakiyar fadama motar ta zauna. Ya ba ta wuta, tayoyi na juyi suna watsa laka, ko taku guda ba ta ƙara ba. Maza sunka tuɓe riguna sunka tura. Anka zuba karan dawa, anka saro rassa. Sa'adu ya durƙusa cikin taɓo yana tonon ƙarƙashin taya da hannuwansa, matarsa na kiran sunan Allah a bayansa, muryar na raguwa. Daga inda suke suna hangen manyan motoci na wucewa bisa kwalta. Anka aika gari a zo da shanu. Kafin shanun su iso, wajen la'asar, Hauwa'u ta cika, ita da abin da ke cikinta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anka yi mata sutura kafin magariba. Kuna tsammani direban ya tuba? Ku ji abin da ya yi. Da sassafe, da ƙanensa ya dawo, ya sake ɗaga motocin ya maida kowace taya mazauninta. Ya wanke motar gari tas, ya kawo ta ya aje kusa da tabarmar zaman makoki. Ya zauna cikin mutane yana girgiza kai, yana cewa, "Ƙaddara ta, mi za a yi? Ku duba tayoyinga, sabbi na, amma laka ta hi ƙarhinsu."

Subhanallahi! Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma ka kwance da hannunka, ka ƙi maidawa da ganganci, ka yi shiru a ƙofar gida, sannan ka jingina ƙazantarka ga Ubangiji? Wane irin ƙarfin hali ne wanga?

Sa'adu bai ɗaga murya ba. Ya miƙo hannuwansa, farce duk sun fashe. Ya ce, "Da hannuwanga nit tone ƙarƙashinta jiya. Na shahwa tayar, babu zane ko guda. Waɗanga yaushe sunka zo?"

Waɗanda sunka sani tun rani sunka sunkuyar da kai. Alhaji Ɗahiru, wanda tsufa ya hana shi zuwa gonaki, sai a lokacin ya gane abin da ya kashe ɗiyarsa. Direban ya ciro makulli zai miƙa masa. Tsohon ya ce, "Aje shi ƙasa. Ba ni karɓa daga hannunka."

Babu wanda ya buge shi, babu wanda ya kai shi ƙara. Mutane dai sunka janye. Manoman da sunka yi shiru jiya, yau ko kallonsa ba su iya yi, don ganinsa na tuna musu nasu laifin. Lodi ya yanke. Ya koma tashar Wurno, labari ya riga shi isa. Ya gwada Rabah, mata sunka riƙa sauka in sun ga shi ne a gaba. Ya saida motar. Matarsa ta kasa shiga gidan suna ko na biki, ta kwashe ɗiyanta ta koma wurin iyayenta Maikujera. Mutumin da anka ba makulli a ƙofar masallaci ya koma dakon buhu a ka.

Da duniya ta gama matse shi, ya tafi gonar Sa'adu ya faɗi gabansa yana kuka, yana roƙon gafara. Sa'adu ya aje kalmen da yake noma da shi. Can ya ce, "Ni nawa na yahe maka, ko na samu in yi kwana. Amma ba raina ka ɗauka ba. Mai ran tana maƙabarta, ita da ɗanta. Tahi ka roƙe ta."

Ina zai same ta, ya 'yan uwa? Ƙofar tuba ga Allah a buɗe take, amma haƙƙin mutum yana jiran mai shi, mai shi kuwa ta riga ta tafi inda ba a aika saƙo. Sai ranar tsayuwa.

Duk wanda ke riƙe da abin jama'a a cikinku, injin rijiya ne, maganin asibiti ne, hatsin marayu ne, yana ce wa kansa aro ne, ya tashi daga nan ya maida shi yau, tun masu haƙƙin na da bakin yafewa. Wanda kuma ya gani, ya yi magana.

Ya Allah ka jiƙan Hauwa'u da sauran matanmu da sunka rasu a hanya. Ka ba mu ikon sauke abin da anka ɗora mana. Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kiyaye mu da yin shiru a kanta. Amin.