Mai Jaki da Mai Rai

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa a Birnin Marke an yi wani sarki mai suna Barmo. Wata rana ana zaman fada, sai ga wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ana kiranta Tasalla, ta faɗi ta yi gaisuwa tana kuka.

"Allah ya ja zamanin sarki, ƙara na kawo, amma ba tawa ba ce. Ta Akaza ce."

Sarki ya ce, "Wane ne Akaza, Iya?"

Ta ce, "Jakina ne. Uwarsa ta mutu yana ɗan jariri, da kunu na raine shi a ludayi. Shekarar yunwa na sayar wa Anaruwa, falken kanwa. Jiya na gan shi a zango. Bayansa ya ruɓe a ƙarƙashin akumari, ƙudaje sun rufe shi, an kuma ƙona gyambon da ƙarfe don kada a fasa tafiya. Ya ji muryata ya so ya tashi, ya kasa. Gobe za a sake ɗora masa kaya. A karɓe shi, ranka ya daɗe."

Aka kirawo Anaruwa. Ya zo da babbar riga, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsohuwar nan ta rikice. Ni ne mai jaki. In na yaga rigata, wa zai kai ni ƙara?"

Sarki ya dubi Alƙali. Alƙali ya sunkuyar da kai ya ce, "Dokarmu ta ce wanda ya cuci dabbar wani ya biya mai ita. Wanda ya cuci tasa kuwa, nasiha kawai ake masa."

Sarki ya juya ga 'yan majalisa. Ya ce, "Ba zan ƙwace abin mutum ba bisa doka ba. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wa zai gaya mini bambancin jaki da riga, ta yadda za a iya rubuta shi?"

Aka yi ta musu har rana ta take. Sa'an nan Waziri Ɗantsoho, wanda bai ce uffan ba tun safe, ya nemi izini.

Ya ce, "An ce wani ba'azbine ya yi wa raƙuminsa kaya fiye da ƙima a tsakiyar hamada. Raƙumi ya durƙusa. Mutumin ya yi ta dukansa yana cewa, 'Tashi, ni na saye ka!' Da ran raƙumin ya fita, sai mutumin ya ga babu mai fid da shi daga rairayi. Ya kama kunnen gawar yana ihu, 'Rai, ka dawo, ni ne mai raƙumin!' Rai bai saurare shi ba. A nan aka tsinci ƙasusuwansu su biyu."

Waziri ya juya ga falke. "Anaruwa, da mutane suka gan ka da Akaza, me suke kiranka?"

"Mai jaki."

"Shi kuma Akaza, da yake numfashi, me ake kiransa?"

Anaruwa ya yi dariya. "Mai rai mana, Waziri. Ko yara sun san wannan."

"To, ka faɗa da bakinka. Kai ne mai jaki, shi ne mai rai. Ka sayi ƙafafunsa da ƙarfin bayansa. Ran kuwa ba a kasa shi a kasuwa ba, kuma ba wanda ke kiran riga mai rai."

Sarki ya miƙe tsaye. Ya sa aka rubuta nan take: duk wanda ya azabtar da dabba, tasa ko ta wani, a karɓe ta daga hannunsa a kai shi gidan yari, kuma kowa ya gani yana iya kawo ƙara a madadinta. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce dogarai su tafi da Tasalla su miƙa mata jakinta.

Tsohuwa ta riga dogarai isa zango, tana ɗauke da ƙwaryar dusa. Ta tarar ungulaye sun jeru a kan katanga. Akaza ya mutu tun ana musu a fada, akumarin yana ɗaure a bayansa.

Ta durƙusa ta kwance igiyar da hannunta, ta cire mayafinta ta rufe gyambon. Ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. An ce kana da gaskiya."

Anaruwa kuwa nasiha kawai aka yi masa, domin laifinsa ya riga dokar zuwa. An ce Waziri bai taɓa sa alkyabbar nan ba. In aka tambaye shi, sai ya ce, "Da ma na yi magana tun da hantsi."

Masu ruwaya suka ce tun daga ranar ba a ƙara ganin jaki mai gyambo da kaya a Birnin Marke ba. Abin lura a nan shi ne, dabba ba ta iya zuwa fada, kuma nasiha ba ta sauke mata kaya. Duk ƙasar da ta tsaya yin musu a kan irin wannan doka, ta tuna akwai wani Akaza yana kwance a zango.