Ranar da 'Yar Gajimare ta ce ba ta sani ba

Akwai wata ma'aikaciyar ofishin hasashen yanayi da mahaifinta ke kira 'Yar Gajimare. Mahaifin matuƙin kwalekwale ne. Kullum da safe, kafin ya kwance igiya, sai ya buga mata waya.

"'Yar Gajimare, in fita ko in koma in kwanta?"

"Fita, Baba, amma kada la'asar ta same ka a ruwa."

Wata shekara masana daga ƙasar waje suka kawo sabuwar manhajar karanta bayanan yanayi, suka nemi kowace tashar yanayi ta tura musu mutum ɗaya su horar da shi. Sharaɗinsu a fili yake: wanda ke yin aikin da hannunsa. Kowa a ofishin ya san ita ce. Har ta yi fasfo, Baba ya sayo mata rigar sanyi a gwanjo, wai kada sanyin ƙasar mutane ya cinye masa 'ya.

Sai Oga, shugaban ofishin, ya tura ƙanin matarsa, mai kula da sito.

"Ranka ya daɗe, ai ni ke aikin," in ji ta.

"Ke yarinya ce, lokacinki na zuwa. In ya dawo zai koya miki."

Mai sito ya dawo da hotuna, da takardar shaida, da kwamfutar da aka ba ofis. Lambar sirrin shiga manhajar kuwa shi kaɗai aka ba. Ba a daɗe ba aka rufe tsohon tsarin.

Ta bi shi ya koya mata, ya ce sai ya huce gajiyar jirgi. Gajiyar nan ta ƙi hucewa. Kwamfutar tana gidansa, yara na kallon fim. Da ta matsa, ya ce lambar ma ta shige masa. Ta kai kuka ga Oga, ya yi dariya.

"Da can da manhaja ake ruwan sama?"

Wata safiya Baba ya kira kamar kullum. Ta dubi teburinta, babu komai. Ta leƙa taga.

"Baba, ban sani ba. Sama dai garau take."

"Yau 'Yar Gajimare ta zama kamar kowa!" Ya yi dariya, ya fita.

Bayan azahar guguwa ta taso. An tsinci kwalekwalen a kife, gawarsa kuwa sai washegari. Daga baya ta ji cewa sauran tashoshin da suka tura ma'aikatansu na gaskiya sun hango guguwar tun ana gobe za ta taso, sun gargaɗi mutanensu.

Oga ya zo gaisuwa, mai sito na biye da shi.

"Sai haƙuri. Kwana ne ya ƙare."

Ta shiga ɗaki, ta fito da rigar sanyin nan a ninke, ta ajiye a gaban Oga.

"Ga ta, ranka ya daɗe. Ka ba wanda za ka tura nan gaba. Wanda ya saya mini ba ya nan."

Har yau takardar shaidar na rataye a bangon ofishin, babu wanda aka tuhuma.

Darasi: Gurbin horo amana ce ta jama'a, ba tsarabar dangi ba. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya ci amana dole ya amsa tambaya. A tuhumi mai laifi, a ba mai aiki haƙƙinsa. Ku yaɗa wannan har ya kai ga masu zaɓen waɗanda za a tura.