Dokar da Kawu Abesolo Ya Kawo Ɗanya

Shekara bakwai na yi a jiragen kamun kifi na Gabon. Da na dawo ƙauyenmu na tarar an yi wa coci rufin kwano, gadar katako ta koma ta siminti, mangwaron da muke hawa ya faɗi. 'Yan matan da na bari suna tallar rogo duk sun goya. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne Kawu Abesolo, ƙanen mahaifiyata. A baranda na same shi, shiru, yana kallon hazon da ke tashi daga kogi.

Kawu mutum ne da bai san jira ba. Ina yaro, yakan zare agade daga wuta tun bai gasu ba, ya ƙona baki, ya ce itacen ne ba kyau. Da wannan halin aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai bayan tafiyata. Sauran labarin daga bakin mahaifiyata, Mama Eyenga, na ji shi.

Tun da daɗewa gwamnati ta killace dajinmu, har da gonar marigayi babana da ke bakin kogi. Kawu ya kai ƙuduri cewa a mayar wa mutane gonakinsu. Ranar da wakilai suka amince, ya fito yana taka rawa a matakalar majalisa. Nan ya yi kiciɓis da Zibi, abokinsa tun makaranta, wanda aikinsa shi ne kai takardu tsakanin majalisar wakilai da ta dattawa.

"Mai girma, ina zuwa da gudu haka?" in ji Zibi.

"Gida! Zan kai musu doka!"

"Wace doka? Wadda ke cikin jakata? Sai dattawa sun duba tukuna. In sun taɓa, ta dawo muku. In kun ƙi, a zaunar da naku da nasu a daidaita."

"Tsofaffin nan masu gyangyaɗi? Su taɓa me? Kai dai kunkuru, ci gaba da jigilarka."

"Kunkurun dai yana isa," Zibi ya ce.

Kawu ya iso ƙauye da ganguna. Aka yanka akuya, bammi ya wadata. Mama kuwa wata takwas tana renon dashen itacen koko ɗari huɗu a bayan ɗaki. Ta ja shi gefe.

"Abesolo, ka tabbata? Kai da ko tuwo ba ka bari ya huce."

"Haba Yaya! Da hannun nan na jefa ƙuri'a. Je ki dasa."

Ta je ta dasa su duka a gonar mijinta.

Can birni, dattawa suka ce a bar gaɓar kogi a cikin gandun daji saboda zaizayar ƙasa. Wakilai suka ƙi, aka kira zaman sasantawa, da sunan Kawu a ciki. Sau uku Zibi yana buga masa waya.

"Abin da na riga na yi shelarsa zan je in roƙa?" in ji Kawu. "Su sa hannu kawai."

Ranar zaman, kujerarsa ta wuni ba kowa. A ɗakin nan babu wanda ya san akwai tsohuwar gona a gaɓar, balle ya nemi a keɓe ta. Doka ta fito, maƙwabta suka samu nasu, gonar Mama ta zauna cikin gandu. Ma'aikatan daji suka zo suka tuge dashen, suna ta ba ta haƙuri.

Wata safiya Mama ta kai ni wurin. An yi ruwa, kowane ramin da aka tuge dashe ya cika, kuma a cikin kowanne ga ɗan guntun sararin sama yana rawa. Muka riƙa ratsawa tsakaninsu kamar masu tafiya a kan gajimare. Mama tana taka ƙasa a hankali, sai ka ce tana tsoron ta da wani daga barci.

"Nan babanka yake ajiye addarsa," ta ce.

Mako uku na yi a gida, ƙafata ta soma ƙaiƙayi. Ranar tafiya ina ɗaure jaka, na hango sababbin dashe a bayan ɗaki, ganye bibbiyu.

"Shekara huɗu kafin su haihu," in ji Mama. "Ko kai ma jinin kawunka ne?"

Mota ta soma oda a bakin gada. Kawu yana juya mini agade a kan garwashi. Na miƙa hannu zan ɗauka, ya riƙe wuyan hannuna.

"Ɗana, bari ya gasu."

Na ajiye jakar a gefen ƙafata, na tsaya.

Darasin da ke nan shi ne, abin da aka ce sai ya bi ƙofa biyu, kada a yi masa guɗa a ƙofar farko. Ƙa'idar da kake gani tana ɓata maka lokaci, ita ce ke ba ka damar faɗin abin da kai kaɗai ka sani. Kuma mai gaggawa ba bakinsa kawai yake ƙonawa ba, har da na wanda ya yarda da shi.