Yunana da Shanun Huɗa

Akwai wani manomi a wani ƙauye a gindin dutse, yana da shanun huɗa biyu da ɗa guda ɗaya mai suna Yunana. A shekarar da Yunana ya cika sha biyar, sai ya miƙe ya yi tsawo. Muryarsa ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa, tuwo kwano biyu ba ya isarsa. Yau ya tashi da raha, gobe a gaishe shi ya ɗaure fuska, shi kansa bai san dalili ba. Kowa a ƙauyen ya ga yaron ya girma, ban da mahaifinsa.

Wata rana aka yi gayya a gonar maƙwabcinsu. Yunana ya ɗauki fartanya ya shiga layin maza. Mahaifinsa ya ce masa a gaban jama'a, "Kai, ajiye fartanyar nan, je ka taya yara ɗebo ruwa." Mutane suka yi dariya, ba da mugunta ba, amma Yunana ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Bai je rafi ba. Ya bi hanyar kasuwa, inda wasu samari ke zama a gindin ɗorawa suna shan burukutu, wasunsu har da ƙwaya. Da suka gan shi, suka matsa masa a benci suka ce, "Zauna, maigida!" Ba a taɓa kiransa haka ba. Suka miƙa masa ƙwarya, ya sha. Daga nan kowace ranar kasuwa sai ya saci jiki ya tafi.

Ran nan da la'asar ya shigo gida yana tangaɗi. Ya durƙusa ya gaida akuya da ladabi, ya tambaye ta lafiyar iyali, sa'an nan ya kwanta a kwamin shanu ya yi barci. Mahaifin ya fusata, ya karyo tsumagiya. Matarsa ta riƙe masa hannu tana ƙoƙarin danne dariya, ko da yake akwai hawaye a idonta. Ta ce, "Maigida, wanda ke gaida akuya ba zai ji duka ba. Bari ya farka, ka tambaye shi tukuna."

Washegari da safe mahaifin ya kora shanun, ya tafi da shi gonarsu ta bakin rafi, suka zauna a kan kunya. Ya ce, "Abin nan da kake sha, yana da daɗi ne?"

Yunana ya sunkuyar da kai ya ce, "Tsami ne da shi, Baba. Ga ciwon kai."

"To, me ke kai ka?"

Yaron ya daɗe yana tona ƙasa da yatsa, kana ya ce, "A can idan na yi magana ana saurara."

Manomin ya dubi hannuwan ɗansa, ya ga sun kusa kai nasa girma. Sai ya tashi ya kwance shanun, ya ɗaura musu garma, ya miƙa wa Yunana igiya. Ya ce, "Gonar bakin rafi taka ce bana. Kai za ka huɗe ta, kai za ka zaɓi abin da za a shuka."

Kunyar farko ta fita a karkace kamar sawun maciji. Mahaifin ya buɗe baki zai yi gyara, sai ya rufe. Yunana ya waiwaya ya ga aikinsa, ya fashe da dariya, uban ma ya tuntsure, har shanun suka tsaya suna kallonsu.

Sau ɗaya Yunana ya sake komawa gindin ɗorawa. Da safe mahaifin bai zage shi ba, bai kuma ƙwace gonar ba. Cewa ya yi, "Yau ba za ka riƙe shanuna da wannan jan idon ba." Ya yi huɗar da kansa, yaron yana zaune a inuwa yana kallo. Wannan ya fi masa bulala zafi, kuma bai ƙara komawa ba.

Da kaka ta yi, gonar bakin rafi ta ba da masara har aka ari jakin maƙwabci. Yunana ya kira biyu daga cikin samarin gindin ɗorawa su taya shi girbi, uwarsa kuwa ta dama musu kunun zaƙi cike da tulu.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƴanʼuwa: lokacin da yaro ko yarinya ke fita daga ƙuruciya, jiki yana riga hankali girma, zuciya kuma tana jin yunwar a lasafta ta cikin manya. Allah ne ya sa wannan yunwa, ba zunubi ba ce. Amma idan ba a ƙosar da ita a gida ba, akwai masu jira a waje da ƙwarya da ƙwaya, kuma su ba sa rowar wurin zama. Yawancin yaranmu ba daɗin abin ne ya fara jan su ba, neman wurin da za a san da su ne.

Ku matasa, wanda ya kira ku manya don ku sha abin da zai kwantar da ku a kwamin shanu, ba girma ya ba ku ba. Ku iyaye kuwa, ku ba su aiki na gaske, ku bar kunyar farko ta karkace, amma ku tsaya a kan iyaka kamar yadda manomin nan ya tsaya, gama haka Ubanmu na sama yake yi da mu. Yau idan an tashi daga sujada, ka zauna da ɗanka ka yi masa tambaya guda ɗaya. Idan ya fara amsawa, kada ka katse shi.