Duna, Karen da Ya Koyi Saki

A can zamanin da ɓauna ta fi mutum yawa a dajin da ke kudu da Dutsen Zakaru, an yi wani maharbi ana ce masa Tunau. Maroƙa sun ce tsawonsa ya kai giginya, kuma kibiyarsa ba ta taɓa dawowa da kunya ba. Bakansa dai yana nan a rataye a zauren jikokinsa, duk wanda ya gan shi zai gane mai shi bai wahalar da ƙofar ɗaki ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne, tun yana saurayi ɓauna ta take masa ƙafar hagu, ƙafar ta warke a karkace, ya zama mai ɗingishi har ƙarshen ransa.

Zuriyarsu duk maharba ne, babbansu kuwa yayansa ne, Jatau, ƙaƙƙarfan mutum mai ƙarancin magana. Suna da wata al'ada da suka gada wajen farauta da karnuka. In kare ya kama zomo ko gada, sai mai shi ya sheƙa da gudu ya cim masa, ya yi ta bugun hancinsa da sanda har ya buɗe baki. Haka iyayensu suka yi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Karnukan sun koyi darasi sarai, sai dai ba wanda aka yi niyyar koya musu ba. Sun gane cewa duk abin da ya shiga baki, to a yi nisa da shi, a haɗiye kafin mutum ya iso.

Ana cewa tausayi ne ya hana Tunau dukan karensa. Mai yiwuwa ne. Amma kafin a doki kare sai an kamo shi, Tunau kuwa ko akuya mai ciki ba ya iya kamowa. Karen nasa baƙi ne wuluk, sunansa Duna, kuma tun yana ɗan kwikwiyo ya fahimci ubangidansa ba abin tsoro ba ne wajen tsere. Zomo nawa ya cinye a gaban Tunau, yana ci yana kallonsa daga nesa, Allah kaɗai ya san adadi.

Da abin ya ishi Tunau, sai ya busar da hantar gada, ya yayyanka ta ƙanana, ya zuba a burgaminsa na fatar akuya. Ya zauna a inuwar kirya, ya jefa wa Duna wata tsohuwar sakaina. Da karen ya cafke ta, sai Tunau ya kai tsokar hanta daidai hancinsa. Bakin kare ɗaya ne, ba ya ɗaukar biyu. Sakaina ta faɗi, Tunau ya ce, "Saki," ya ba shi hantar. Sannan ya yi abin da ya fi ba mutane dariya: ya ɗauki sakainar ya mayar masa.

Kakarsu, Gwamma, tana gefe tana kaɗi. Tsohuwa ce da aka auro daga mutanen bakin gulbi, bakinta bai tsufa tare da ita ba.

Ta ce, "Angona, wannan wane irin ciniki ne? Ka saya, ka biya, ka mayar wa mai kaya kayansa?"

Ya ce, "Amarya, in ya san abin zai dawo, ba zai ji ciwon sakinsa ba."

"To ni da na sakar maka ƙuruciyata, yaushe za ka mayar mini?"

Daga sakaina ya koma kan ƙashi, daga ƙashi ya koma fatar zomo. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Da fari Duna ba ya saki sai ya ga hannu a cikin burgami, don haka Tunau ya sauya: ya faɗi kalmar tukuna da hannu wofi, sai abu ya taɓa ƙasa sannan hanta ta fito. Daga baya kuma karen ya gane akwai riba a harkar, ya shiga fatauci. Ludayi, tsintsiya, takalmin Gwamma ƙafa ɗaya, duk sai ya kwaso ya tsaya gaban Tunau yana kaɗa wutsiya. Da ya karɓi ladan wannan sai ya juya neman wani. Gwamma ta koma kwana da takalmanta a ƙarƙashin kai.

Jatau ya ga wannan duka, bai ce komai ba sai sau ɗaya.

"Kare ya kama naman da yake naka, kai kuma ka ba shi tukuici don ya ba ka abinka. Wa ke farauta wa wani a cikinku?"

Tunau ya ce, "Yaya, ni dai yanzu ina cin zomo."

Gaskiya ne kuwa. Tun daga lokacin maroƙa suka sami abin faɗi:

Tunau na Gwamma, mai burgamin hanta!
Tafi-sannu, tukunyarka ta riga ta masu gudu tafasa!
Ubangidan Duna, kai da ba ka ƙwace, ana kawo maka!

Sai fari ya zo. Damina ta yi rowa, ta bayanta ta fi ta. Tafkin da zuriyar ke sha ya koma tsattsagaggiyar ƙasa, namun daji suka yi ƙaura ba sallama. Jatau ya tara mutane, suka cika salkunansu da ragowar ruwan da aka tatsa, suka nufi kudu, inda aka ce akwai gulbin da ba ya ƙafewa. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zuwa ba, amma a irin wannan hali ba a cika bincikar mai labari ba.

Tafiya ta yi tsawo, salkuna suka yi ta motsewa. Aka koma raba ruwa da ɗan ƙoƙo, kowa cikinsa guda a yini, karnuka kuwa ko ɗigo. Hantar burgami ta daɗe da ƙarewa, Tunau ya jiƙa ta ƙarshe ya ba Gwamma. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne karnukan Jatau. Tun da aka yada zango a gindin wasu busassun itatuwan gawo, sai su ɓace da hantsi, su dawo suna lasar baki. Aka ce mushe suke samu. Wasu suka ce aljanun wurin ke ciyar da su. Ba wanda ya bi sawunsu, domin karen Jatau in ya ga mutum a bayansa, gabas yake yi in abincin na yamma.

A wannan zangon Jatau ya yanke hukunci. Ya kira ƙanensa gefe, bai iya kallon idonsa ba.

"Ruwan da ya rage ba zai kai mu ba in muna tafiyar da muke yi. Gobe da sassafe masu ƙafa za su wuce. Kai da Kaka ku jira a nan. In mun sami gulbin, zan dawo da kaina."

Tunau ya san yayansa ba maƙaryaci ba ne, zai dawo ɗin. Ya kuma san abin da zai tarar. Ya ce, "To, Yaya."

Gwamma ta ji komai, don kunnenta yakan warke in ana maganar da ba a so ta ji. Muryarta ta dushe, amma ta ce, "Ka gani, angona? A ƙarshe dai dangi sun watse sun bar mu mu biyu. An ɗan makara."

Da la'asar aka raba ruwa. Tunau ya karɓi ƙoƙonsa bai sha ba, ya ajiye a inuwa yana tunanin ko ya ƙara wa tsohuwa. Yana nan zaune sai ga Duna ya ɓullo daga yamma, haƙarƙarinsa duk a waje, da wani dunƙulen abu a baki kamar curin ƙasa. Ya doso ubangidansa kai tsaye, yadda ya saba zuwa da takalmi.

Jatau ne ya fara ganinsa. Yunwa ba ta bar masa haƙuri ba. Ya zabura da sanda yana cewa, "Kare da nama a baki, 'ya'yan mutane na tsotsar yatsa!"

Duna ya tsaya cak. Kunnuwansa suka kwanta, ya ja da baya, ya fara gurnani yana gyara abin a cikin bakinsa. Tunau ya san wannan gyaran. Daga shi sai gudu, ko haɗiya.

Ya ce, "Yaya, don girman Allah sauke hannunka. In sandan nan ya motsa, daga ni har kai, ba wanda zai san mene ne."

"To karɓo. Da me za ka saya? Burgamin naka iska ce a ciki."

Tunau ya durƙusa a kan ƙafarsa mai lafiya. Ya buɗe tafin hannunsa biyu, karen ya ga babu komai. Kare ne da bai ci abin kirki ba tun barinsu gida, ga abinci a bakinsa, ga sanda a sama. Tunau bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Duna. Saki."

Masu ba da tarihi sun ce a nan iska ta tsaya, tsuntsaye suka yi shiru. Babu tsuntsaye a wurin, fari ya kore su. Abin da ya faru shi ne karen ya daɗe yana kallon hannun nan wofi, sannan ya sunkuyar da kai, ya buɗe baki, curin ya faɗi a ƙasa. Ya ɗago yana jira.

Tunau ya miƙa hannu ya jawo ƙoƙonsa.

Jatau ya ce, "Kai, Tunau! Ruwanka ke nan na ƙarshe. Ai ya riga ya saki!"

"Shi ya sa, Yaya."

Ya ajiye ƙoƙon a gaban Duna. Mutane suna tsaye da busassun leɓɓa suna jin ƙarar harshen kare a cikin ruwa. Wata mata ta juya baya don kada ta gani.

Gwamma ce ta rarrafo ta ɗauki curin. Ta shinshina, ta murƙushe gefensa da babban yatsa. Wajensa busasshe ne, cikinsa kuwa laka ce mai sanyi, kuma a tsakiyar lakar wani abu mai santsi ya motsa.

Ta ce, "Gaiwa!" Ta dubi jikokinta, ta ga ba wanda ya gane. "Kun ji 'ya'yan tudu. Kifi ne, sakarkaru. In ruwa ya janye sai ta shige cikin laka ta naɗe, ta yi barci har damina. Ba ta kwana inda ƙasa ta mutu. Inda karen nan ya tono ta, akwai ruwa a ƙasa."

Jatau ya dubi yamma. Daji ne iya ganin ido, ko'ina iri ɗaya. Ya ce, "A ina?"

Tunau ya karɓi gaiwar daga hannun tsohuwa, mutane na haɗiyar yawu, ya mayar wa Duna abinsa. Karen ya cinye ta a nan gabansu, a natse, ba tare da ya waiwayi kowa ba. Da ya gama ya lashe baki, ya dubi ubangidansa, ya juya yamma da ɗan gudunsa na fatauci. An biya shi, zai ɗauko wata.

Suka bi shi, Jatau a gaba, Tunau a can baya yana jan ƙafa. Bayan wata sarƙaƙiya da suka wuce ta gefenta ranar da suka iso, sai ga wani kwari mai baƙar ƙasa. Duk ya sha tono, rami nan rami can, ga ƙasusuwan kifi a warwatse. A cikin wani ramin ma sun tarar da wata karya daga karnukan Jatau. Tana ganin ubangidanta ta cafki abin da ta tono ta ruga. Jatau ya bi ta da kallo har ta ɓace. Sannan ya jingina sandansa a jikin ƙaya, ya ce a miƙo masa dagi.

Kafin ramin ya kai ƙugu ƙasa ta yi danshi. Da ya kai kafaɗa, ruwa ya fara tsattsafowa, ja-ja, mai ɗanɗanon laka. Jatau ya ɗebi ƙoƙon farko, ya fito daga ramin, ya ratsa mutane har inda ƙanensa ya zube yana haki. Ya miƙa masa, ya ce, "Sha. Naka ya tafi wajen aiki."

Ba wanda ya wuce kudu washegari. Aka kafa bukkoki, bukkoki suka zama gidaje, aka ɗaure bakin ramin da duwatsu. Garin da ya tashi a wurin shi ake kira Rijiyar Duna. Gwamma ta ga damina da dama a cikinsa, kuma an ce har ta rasu ba ta daina ƙorafin takalmanta ba. Daga baya labari ya yi ƙiba, aka ce gaiwar 'yar sarkin aljanu ce, wai har ta yi magana. In ta yi, to ba ta samu ta gama ba.

Abin da ya tabbata shi ne, har yau a garin ba a fizge abu daga bakin kare ko daga hannun yaro. In jariri ya rarumi wuƙa, uwarsa ba ta ihu, sai ta miƙa masa ƙuli-ƙuli. Kuma duk shekara in an yashe rijiyar, gugan farko ba na mutum ba ne, a wani kwarmin dutse ake juye shi. Malaman da suka zo daga baya sun nuna rashin jin daɗinsu, aka yi zama, aka matsar da dutsen ɗan nesa da bakin rijiya, kowa ya ce shi ya yi nasara.

Sarautar garin tana hannun jikokin Jatau, kamar yadda aka saba a duniya. Jikokin Tunau an bar musu juye gugan. Karnukan garin kuwa, da ba su san tarihi ba, sukan zo su sha, su kwanta a inuwa, ba wanda ke ce musu su tashi.